Yadda Ake Gano Turba a Dutsen da Ba Shi da Alama: Abin da Kufena Ya Koya Mini

Wanda ya tsaya a Wusasa, kusa da Zariya, da hantsi ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Kufena zai ga kamar abin ba wuya. Ga dutse a kife kamar ƙwarya, sai mutum ya miƙe ya hau kawai. Haka na ɗauka a karon farko, kuma wannan tunanin ne ya sa na yi sallar magariba a gonar wani dattijo da ban sani ba, ni da ɗan yayata, can bayan dutse, nesa da inda muka bar mashin. Hawan bai ba mu wata wahala ba. A saukowa ne muka raina kanmu.

A duwatsunmu babu allo, babu kibiyar fenti, babu igiyar kamawa. Amma hanya tana nan. Awaki sun yi tasu, masu itace sun yi tasu, ruwan sama ma ya yi tasa, kuma ba duka ba ne ke kai ɗan Adam inda yake so. Aikin mai hawa shi ne ya iya bambance su, sannan ya haddace wadda ya bi tun yana hawa, domin dutsen da ka gani daga ƙasa ba shi za ka gani daga sama ba. Abin da zan faɗa ya shafi Kufena, ya shafi duwatsun Turunku, da duk wani tsauni irinsu a ƙasar Zazzau.

Mataki na farko: zaɓi wata, zaɓi sa'a

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi. An gama girbi, ba za ka tattake wa kowa dawa ko masara ba, ciyawa ta bushe ta kwanta, sawu ya fito, dutse kuma ba santsi. Aibin hunturu ɗaya ne, hazo. Ranar da buji ya sauko sosai, abin da ka shaida daga ƙasa zai ɓace maka kana tsakiyar hawa, don haka in ka wayi gari ba ka iya hangen dutsen daga gari, ka bar tafiyar sai wata rana. Maris da Afrilu kuwa dutse yakan ɗauki zafi tun kafin azahar har tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, ban ba baƙo shawarar ya gwada ba: gamba ta fi mutum tsawo, gansakuka ta jiƙe, hadari kuma yakan taso daga gabas cikin ɗan lokaci.

Ka bar gida bayan asuba, ka kasance a gindin dutse da fitowar rana. A Zariya da hunturu rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma tsakanin faɗuwarta da duhu bai fi minti 20 zuwa 25 ba. Wanda ya fara hawa bayan la'asar don ya ɗauki hoton faɗuwar rana, da tocila zai nemi hanya, in ma ya tuna ya ɗauko ta.

Tun a gida ka yanke lokacin juyowa, ka faɗa wa abokan tafiya da baki: ƙarfe kaza, ko mun kai ƙoli ko ba mu kai ba, za mu juyo. Akwai wani ma'auni da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace tafiyar kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Wannan na mai bin hanya sananniya ne. A inda za ka riƙa tsayawa kana duba sawu, kana komawa baya, ni ninka shi nake yi biyu.

Mataki na biyu: yi sallama

Da ɗan gari akan ci gari. Kada ka ajiye abin hawa a bakin gona ka nausa daji kamar wanda ya yi sata. Nemi gidan mai unguwa, ko majalisar dattawan da ke kusa, ka gaishe su, ka faɗi ko kai wane ne, ku nawa ne, da lokacin da kuke sa ran saukowa. A halin tsaron da ake ciki, wannan ya wuce ladabi kawai. Mutanen wurin ne suka san ko an ga baƙin fuska a kwanakin nan, kuma in suka ce kada a hau, to magana ta ƙare. Haka nan baƙi uku da jakunkuna a kan dutse, ba wanda ya san da zuwansu, su ma abin zargi ne ga 'yan sintiri.

Akwai dabarar tambaya. In ka ce "Baba, akwai hanya ta nan?" zai ce maka akwai, domin shi tun yana yaro yake binta ba takalmi. Tambayi abin da zai ba ka amsa mai amfani: ta ina mata ke saukowa da itace a ka? Hanyar da mace za ta sauko da dami a kai, hannu ɗaya riƙe da shi, ita ce hanyar da ba ta buƙatar rarrafe. Sai ka ƙara da tambayar ta ina ake kai shanu, ina ne akwai zuma a tsaga, ko akwai masu fasa dutse da ke sa nakiya a wani ɓangare, da kuma ko akwai wurin da ba a son baƙo ya taka. Kufena tsohon mazauni ne, yana cikin wuraren da tarihin Zazzau ya kafu a kansu tare da Turunku, kuma har yau akwai ragowar ganuwa a kewayensa. Tsofaffi na da wuraren da suke girmamawa. Ko ba ka yarda da dalilin ba, ka kauce.

In aka haɗa ka da wani saurayi ya raka ka, ka karɓa, ka kuma sallame shi da abin kirki. Amma ko da ɗan rakiya, ka yi duk abin da ke ƙasa, don wata rana ba shi.

Mataki na uku: karanta dutsen tun kana nesa

Nan ne mafi yawan mutane ke gaggawa, alhali nan ne rabin aikin. Da zarar ka isa gindin dutse ka daina ganinsa, sai abin da ke gaban hancinka. Saboda haka ka tsaya da ɗan nisa, kamar rabin kilomita, inda idonka zai ɗauke shi gaba ɗaya, ka ba shi minti 15 cur.

Duwatsun nan na ƙasar Zazzau curarrun duwatsu ne masu tauri da suka tsaya su kaɗai a fili. Ba kowane gefe ne daidai da ɗan'uwansa ba. Wani gefen a miƙe yake kamar bango, wani kuma ya zubo a hankali kamar kafaɗar raƙumi a durƙushe. Kafaɗar nan kake nema, wato doron da ya taso daga ƙasa ya tafi sama ba tare da ya yanke ba. Bi shi da ido daga gindi har ƙoli. Duk inda idonka ya yi tsalle, ƙafarka ma sai ta yi tsalle, don haka ka lura da wurin.

Sai launi. Baƙaƙen zane da ke gangarowa a jikin dutse kamar sawun hawaye hanyar ruwa ce. Da rani a bushe suke, amma sun goge sun yi sumul, kuma ko raɓa ta taɓa su sai su koma kamar an shafa kuɓewa. Jerin itatuwa da ya hau dutse a layi ɗaya yana nuna tsaga mai ƙasa a ciki. Irin wannan tsagar takan ba da wurin taka ƙafa da inuwa, kuma sau da yawa nan turbar mutane take, sai dai nan ne kuma sarƙaƙiya da maciji suke. Inda ka ga tarin manyan duwatsu sun zubo a gindi, to daga sama suka ɓallo, bangon da ke bisansu ba wurin wasa ba ne.

Zaɓi alamomi uku manya da za ka iya gani daga sama: wata kuka ko ɗorawa da ta fita daban, hasumiyar masallaci, ƙarfen sabis na waya, ko rufin kwano mai launi. Itace kaɗai ba ya isa, domin daga sama duk ɗorawa ɗorawa ce. Ka haɗa biyu a layi, misali kukar nan da ƙarfen sabis a bayanta. Duk lokacin da ka gan su sun daidaita, ka san kana gefen da ka hau.

Waya tana taimakawa in an shirya ta tun a gida. Buɗe Google Maps a hoton tauraron ɗan adam, ka matso da dutsen: falalen dutse zai fito fari-fari ko toka-toka, tsaga mai itatuwa ta fito kore ko baƙi, turbar da aka daɗe ana bi a gindi kuma ta fito kamar zare. Ka sauke taswirar yankin a wayar don ta buɗe ko ba sabis, domin na'urar da ke nuna inda kake ba ta buƙatar data, taswirar ce ke buƙata. In ka isa inda za ka fara hawa, ka dasa alama a taswirar, ka tura wa wani na gida ta WhatsApp. Abin da hoton sama ba ya nunawa shi ne tsayi. Bango mai tsawon mutum biyar zai iya fitowa kamar ɗan layi.

Ka kuma san gabas da yamma ba tare da waya ba. A nan akwai ɗan tarko: gabas ɗin da muke fuskanta a salla ba ita ce mafitar rana daidai ba, alƙibla daga Zariya ta karkata arewa da kimanin digiri 22 zuwa 23 daga gabas ta sosai. Inuwar tsakar rana kuma da hunturu arewa take nunawa, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta sai ta koma kudu. Wanda ya haddace "inuwa arewa" ya yi amfani da ita a Yuni, bayansa zai ba gida.

Abin da za ka ɗauka

Ba sai ka sayi kayan Turawa ba. Kambas mai ƙasan roba da bai suɗe ba, wanda ƙafarka ta saba da shi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su zauna a gida, haka ma babbar riga da duk abin da iska za ta kama. Dogon wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙaya. Mata su sa wando a ƙarƙashi, su ɗaure hijabi yadda ba zai rufe musu ganin ƙafa ba. Ruwa aƙalla lita 2 ga kowane mutum, wato ledar fiya wata 4, a zuba a gora, ledar kuma a dawo da ita. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Tocila ko da da safe za ka tafi, usur, abin cajin waya, ɗan alli ko gawayi, bandeji, da sanda mai ƙwari. Komai a jakar goyo don hannu biyu su zama a sake. Kada ku gaza mutum uku: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman taimako.

Mataki na huɗu: nemo bakin turba, ka san ta wane ne

Zagaya gindin dutsen a hankali ta gefen kafaɗar da ka zaɓa. Bakin turba yakan kasance inda hanyar gona ko burtali ya zo ya taɓa dutse. Ga abin da ido zai nema: ƙasa da ta daddale ta fi ta gefenta ƙarfi, ciyawa da ta rabu biyu, reshen da aka sare da adda ko gatari, ba wanda ya karye da kansa ba. Sara mai kaifi a tsayin ƙugu ko kafaɗa hannun mutum ne. Ɓawon rake, ledar alawa, guntun igiyar ɗaurin itace, toka tsakanin duwatsu uku, duk shaida ce.

A kan falalen dutse babu sawu, amma akwai goguwa. Dutsen da ba a takawa yana da ɗan baƙi-baƙi ko toka-toka na busasshiyar gansakuka. Inda ƙafafu suka shekara suna bi, wannan ya kankare, wurin ya ɗan yi haske. Da tsakar rana ba za ka gan shi ba. Da sassafe, rana na kwance, ka durƙusa ka kalli dutsen ta gefe, sai ka ga layin ya fito kamar sawun katantanwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin sammako.

Yanzu ga inda na faɗi jarrabawa. Turbar awaki ta fi kowace fitowa sarai, ga kashinsu nan birjik kamar an watsa ƙwallon magarya. Amma akuya ba ƙoli take nema ba, ganye take nema, kuma tana bin gefen da faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Hanyar gane tata: tana shiga ƙarƙashin reshen da bai wuce gwiwarka ba, tana rarrabuwa kashi-kashi, tana ƙarewa a bakin wani ɗan kurmi. In ka ga kana sunkuyawa sau biyu sau uku a jere, ba hanyar mutane kake kai ba. Ta shanu ta fi aminci, domin saniya ba ta hawa inda mutum zai sa hannu, sai dai takan tsaya a inda ciyawa ta ƙare. Hanyar ruwa ita ma tana yaudara: ga yashi mai laushi, ga fili, kamar an share. Bambancinta shi ne ta miƙe sama ɗoɗar, duwatsun cikinta sun mulmule, akwai tarin kara da ganye a bayan kowane dutse. Ta mutane kuwa karkacewa take, dama da hagu, don mai kaya a ka ba ya fuskantar hayi kai tsaye.

In turba ta ɓace, kuma za ta ɓace, kada ka ci gaba da fatan za ta dawo. Mutum ɗaya ya tsaya a kan alama ta ƙarshe da kuka tabbatar, sauran su duba dama da hagu, taku 20 zuwa 30, ba tare da sun ɓace wa ganinsa ba. Galibi turba na ci gaba ne a ɗaya gefen falalen dutse, daidai inda ƙasa ta sake farawa.

Mataki na biyar: waiwaye

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya a duk rubutun nan, wannan zan zaɓa. Kowane minti 5, da kuma duk inda hanya ta karkata ko ta rabu, ka tsaya ka juya gaba ɗaya, ka dubi inda ka fito. Abin da ka gani shi ne abin da za ka gani a saukowa. Dutsen da ka wuce yana kama da turmi ta gaba, ta baya zai iya zama kamar gammo. Ka ba shi suna da ƙarfi kowa ya ji: "ga mai kama da tukunya, a saukowa za mu bar shi a hagu." Suna na ban dariya ya fi zama a kai. Ka ɗauki hoto kana fuskantar ƙasa, da hannunka a ciki yana nuna hanyar, hotunan za su jeru da kansu, in za ka sauko ka bi su daga na ƙarshe.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne inda ka fito daga tsaga ko kurmi ka hau buɗaɗɗen dutse. Daga sama, bakin tsagar nan ba ya ganuwa, ko kuma ka ga guda biyar masu kama da juna. A nan ka ɗora ƙananan duwatsu uku a kan juna, a wurin da za a hango daga sama, ba daga ƙasa ba. Ko ka ƙulla kan ciyawa, ko ka ja ɗan layi da alli. Fenti kam a'a. Masu rubuta sunansu da na budurwarsu a jikin dutse sun ishe mu. In kana saukowa ka rushe tarin da ka yi, don kada ya ja wani zuwa inda shi bai nufa ba, kuma saboda wannan dalilin kai ma kada ka amince da tarin da ka tarar. Wataƙila yaran kiwo ne suka yi wasa.

Mataki na shida: taka falalen dutse

Jiki yakan so ya kwanta a jikin dutse in tsoro ya zo, kuma wannan ne ke kawo zamewa. Nauyinka ya zauna a kan ƙafa, tafin takalmi gaba ɗaya a manne, taku gajeru, jiki a tsaye. In gangaren ya yi tsanani ka bi shi a karkace. Inda sai an sa hannu, gaɓa ɗaya kawai za ka motsa a lokaci guda, ukun su riƙe.

Irin wannan dutsen yana ɓarewa ne falle-falle kamar albasa, saboda haka kafin ka dogara da wani falle, ƙwanƙwasa shi da sanda. In ya yi ƙara kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashi, ka bar shi. Tsakuwa a kan falale ta fi ruwa haɗari, tana mirginawa ƙarƙashin takalmi kamar gero a kan siminti. Ciyawar da ta tsiro a kan dutse ba abin kamawa ba ce, saiwarta ba ta shiga ko'ina ba, tabarma ce kawai a shimfiɗe. A cikin tsaga mai duwatsu sako-sako, ko ku matsu kusa da juna, ko ku bi ɗaya bayan ɗaya ya fita. Wanda ya tunkuɗo dutse ya yi ihu "Dutse!" nan take, ba ya tsaya kallonsa ba.

Doka ɗaya ba ta da togiya: kada ka hau abin da ba za ka iya saukowa ta kansa ba. Kafin ka haye wuri mai wuya, hau taku biyu ka sauko ka gani.

Kada ka cusa hannu a ramin da idonka bai ga cikinsa ba, kuma in za ka tsallake dutse ka hau kansa tukuna ka duba bayansa. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, ita da kasa ba sa gudu kamar sauran macizai, lafewa suke. In tsautsayi ya faɗa, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji, irin asibitin koyarwa na Shika. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya tamau. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsaga wurin ƙara ɓarna ne. Zuma kuwa za ka ji gunjinta kafin ka gan ta, ka ja da baya shiru, turare mai ƙarfi ma a bar shi ranar. Tinya da ƙerana da ke tsirowa a tsakanin duwatsu, farin ruwansu in ya shiga ido bala'i ne, kada a kama su, kada a sare su. Da rani in ka hangi hayaƙi a ƙasanka, masu farautar gafiya sun sa wuta, ka tuna wuta ta fi gudu in tana hawa. Ka koma kan falalen da ba ciyawa.

Ƙoli

Sau biyu ko uku za ka ce ga ƙoli, ka isa ka tarar da wani a bayansa. Haka curarren dutse yake. In ka isa na gaskiya, kafin hoto, kafin ruwa, juya ka shaida ta inda ka ɓullo, ka ajiye sanda ko jaka tana nuna wurin. Saman dutse fili ne mai kama da juna ta ko'ina, minti 10 na zagaye ya isa ya juyar maka da kai.

Daga nan sai ka more. Ranar da sarari ya washe za ka ga birni da unguwanninsa, ga Wusasa a ƙasa inda mishan suka koma a 1929, ga gonaki har iyakar gani. In ka ci karo da tsingaro ko ramukan niƙa a jikin dutse, ka kalla ka bar su a inda suke. Ruwan da ya taru a kwarmin dutse ba na sha ba ne. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce, in ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba ka bar ƙoli nan take, kada kuma ka fake a gindin itace guda ko bakin kogo.

Don sanin sauran rana, miƙa hannu ka dunƙule shi tsakanin rana da inda za ta faɗi. A ƙasarmu, inda rana ke faɗuwa kusan a miƙe, kowane dunƙule ɗaya kimanin minti 40 ne.

Mataki na bakwai: saukowa

Ta inda ka hau, ta nan za ka sauka. Na san abin da zuciya ke faɗa: ga gari can a ƙasa, ga gangare mai kyau, me zai sa in zagaya? Matsalar curarren dutse ita ce yana lanƙwasawa ne kamar bayan ƙwarya. Daga sama gangaren na farawa a hankali, yana ƙara tsanani kaɗan-kaɗan, ƙasansa kuma a ɓoye. Kana ganin gonaki, ba ka ganin bangon da ke tsakaninka da su.

Abin da ya same mu ke nan. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ga hanya nan ta fi kusa," ni kuma da ya kamata in ƙi, na ga kashin awaki na ce ai ana bi. Muka gangara, muka dira daga wani ɗan tudu da bai fi ƙirjina ba, muka ƙara gaba kaɗan, sai dutse ya ƙare. Na jefa tsakuwa, na daɗe ban ji ta taɓa ƙasa ba. Da muka juyo, ɗan tudun nan da muka dira cikin daƙiƙa ɗaya ya ƙi hawuwa, sumul yake ba wurin kamawa. Sai da na durƙusa yaron ya taka bayana ya haye, ya kwanta ya miƙo mini sanda. Gwiwata har yau da tabon. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji mutane, ranar na ga fassararsa. Daga nan tsoro ya sa muka bi duk inda ya yi sauƙi, sauƙin kuma ya kai mu wani gefe dabam. Dattijon da muka faɗo gonarsa ya dube mu, ya dubi dutsen, ya ce, "Samari, ta nan kuka sauko? Ai ko masu itace ba sa bin nan." Na ce, "Baba, awaki muka biyo." Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ba mu buta.

Don haka a saukowa kada ka dira daga abin da ba za ka iya komawa kansa ba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajeru, ba gudu. Inda ya yi tsanani ka zauna ka ja gindi, ba abin kunya ba ne, wando ne kawai zai biya. Inda ya fi haka, ka juya ka fuskanci dutse kamar mai sauka daga tsani. Wanda ya fi ƙwarewa ya riga sauka a wurare masu wuya don ya nuna wa na baya inda za su sa ƙafa.

In ka duba ka ga ba ka gane wurin ba, ka tsaya a nan. Zauna, sha ruwa, buɗe hotunanka, nemi alamomin nan biyu da ka haɗa a layi. In ba su daidaita ba, ka koma sama zuwa wuri na ƙarshe da ka shaida, ko da ƙoli ne, ko da ƙafa na ciwo. In duhu ya riga ka kuma ba ka kan turba, kada ka yi lalube a gefen dutse. Nemi wuri shimfiɗaɗɗe nesa da baki, ka kira wanda ka bar wa saƙo, ka tura masa inda kake, ka rage hasken waya don caji. Busa usur sau uku, a dakata, a sake, haka ma da tocila. Sanyin hunturu a kan dutse da dare ba kamar na cikin gari ba ne, ku matsu wuri ɗaya ku ba iska baya.

In kun taka ƙasa, kafin ku hau mashin ku koma wurin dattawan da kuka yi wa sallama ku ce kun sauko lafiya, don kada a tashi yara nemanku da dare. Sannan a zauna a cire ƙarangiya daga safa, a duba ƙafa da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale, musamman in an bi ta burtali.